Giyar Da Ta Tuba

Tun da na yi wayo a gidanmu na Ajilari ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar Kano ce ta ainihi, ta zo Maiduguri da kunyarta ƙulle a bakin zani, ba ta kuma kwance ta ba duk tsawon zamanta. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a gabanta, ni za ta duba ta ce, "Ki ce wa wancan takalminsa ya tare mini hanya." In juya in ce, "Yaya, an ce takalminka ya tare hanya." Shi kuma ya ce, "Ki ce a yi haƙuri." Haka na girma ina tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin yare ɗaya. Maƙwabta suna ta yi mana dariya, mu kuwa mun san irin son da ke cikin wannan kawar da kan, domin duk tsokar da ta fi girma a tukunya a kwanon wancan take ƙarewa.

Sai Yaya ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba. Cewa ya yi zai je Kano saro kaya. Kiransa na farko daga Libiya ya zo, na biyu kuma, bayan mun gama fid da rai, daga Italiya. Ya sami aiki a gonar inabi. Yana can mahaifinmu ya kwanta ciwo, yana can aka yi jana'iza, bai zo ba.

Labarin aikin nasa kuwa ya yi ta girma a hanya. Mu mun san a gonar inabi yake. A bakin layinmu ya zama ma'aikacin kamfanin giya. Kafin labarin ya kai Wulari wajen dangin mijina, Yaya ya riga ya mallaki mashaya, har wata ta rantse mini an gan shi a waya yana zuba wa Turawa. Inna ba ta taɓa tanka wa kowa ba, amma na ga yadda ta rage zuwa gidajen biki.

Ranar da ya dawo hutu, bayan shekarun da har yaran layi sun manta kamanninsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kansa a ƙasa. Inna ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta kira cikakken sunansa, ta ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen can?" Ta sa na shimfiɗa masa sabuwar tabarma, na kawo masa ruwa a kofin da muke ajiye wa manyan baƙi.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce an yi masa tarba ta arziki. Ni kuwa ban taɓa ganin Inna ta yi fushin da ya kai wannan ba. Da muka fito zaure Yaya ya ce mini a hankali, "Kin gani ko? Ta mayar da ni baƙo."

Haka aka ci gaba. Kullum da safe ta gaishe shi da kyau, ta tambaye shi ko sauro ya dame shi, ko abincin ya yi masa. Duk gaisuwa ɗaya sai na ga ya ƙara ramewa. Hutun nasa ba mai tsawo ba ne, kuma ya ce mini ba zai iya sake hawa jirgi ba tare da yafiyar Inna ba, ba zai kuma iya zama ba aiki ba.

Ana cikin haka ya kira ni ɗakinsa ya buɗe akwati. Daga cikin safa biyu ya zaro wata doguwar baƙar kwalba, da hoton tudu da gida a jikinta.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Shaidata ce."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Gonar da yake wa aiki tana matsar inabi, gaskiya ne, kuma mafi yawansa giya ake yi da shi. Shi nasa tsinka ne da yankan reshe, bai taɓa kai ta bakinsa ba. Amma akwai wata jar giya da suke yi, bayan an gama sai a sa inji a cire mata barasar kaf, saboda masu tuƙi da masu ciki da irinmu. Mai arha ce, irin wadda ma'aikaci ke iya saya ba tare da ya yi dogon tunani ba. Yana so Inna ta gani da idonta, ta ɗanɗana, ta san abin da hannunsa ya taɓa duk shekarun nan. Gani ya kori ji, in ji shi.

Na dube shi na ce, "Wato an ce kana sayar da giya, kai kuma za ka wanke kanka da kwalbar giya. Yaya, tekun nan da ka tsallaka, a ciki ka bar hankalinka?"

Bai ji haushi ba. Yaya mutum ne da in ya ƙulla abu, sai dai ka taya shi ɗauka. Ya ce ba haka kawai ake shanta ba, sai da abincin da ya dace da ita, kuma abincinta nama ne mai maiƙo. Ya roƙe ni in yi danderu, naman nan na mutanen Borno da ake turarawa da kayan ƙamshi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya saki ƙashi. Ya kuma gayyato aminin mahaifinmu, wani dattijon malami daga Shehuri da muke kira Baba, ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don a yi komai a gaban mai ilimi.

Lokacin bazara ne, irin zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Da safiyar Juma'ar na ce bari in aika a sayo ƙanƙara, tun da firjinmu ya daɗe da zama wurin ajiye tukwane. Yaya ya yi tsalle ya tare ni. Ai ja ba a sa mata ƙanƙara, in ji shi, a yanayin ɗaki ake shanta, haka ƙa'idar take. Na ce to, na bar masa ita a ɗakinsa mai rufin kwano. Wajen hantsi ya je ya taɓa kwalbar ya janye hannu. Wanda ya kafa ƙa'idar nan bai taɓa shiga ɗaki a Maiduguri ba. Ƙarshenta a jiƙaƙƙen tsumma muka naɗe ta, muka rataya a reshen darbejiyar tsakar gida, Yaya na tsaye yana yi mata fifita da murfin kwano.

Sai maganar kofi. Ya ce kofin roba ko na silba yana kashe mata ɗanɗano, sai na gilashi. Tambulan na gilashi kuwa a gidanmu suna cikin kabet ɗin Inna, an jera su tun zamanin aurenta, ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Na shiga ina shirya yadda zan roƙa, sai ta ɗauko mukulli ta miƙa wa Yaya da hannunta ta ce, "Ga shi, ɗauki duk wanda ya yi maka. Ai baƙo ba a hana shi abu." Da ma ta hana, da ya fi masa sauƙi.

Baba ya iso da carbinsa da goronsa, yana ta gaisuwar Barebari, "wushe, wushe", tun daga zaure. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Inna ta zauna can gefe a bakin ƙofarta, inda za ta ji komai ba tare da an ce tana cikin taron ba. Na jera abinci: danderu a babban faranti, burabusko da miyar bandar kifi da na yi don kada Baba ya tashi da yunwa, da ɗan kilishi da Yaya ya sayo.

Buɗe kwalbar ma wani aiki ne. Bakinta a toshe yake da wani ɓawon itace mai taushi, kuma abin da ake zare shi da shi Yaya ya manto a Italiya. Muka gwada wuƙa, muka gwada cokali mai yatsu. A ƙarshe ya murɗa dogon kusa a ciki ya ja da filaya, ya dafe kwalbar tsakanin gwiwoyinsa yana nishi cikin babbar rigar Juma'a. Baba ya kalle shi ya ce abin da ya ƙi fitowa haka, wataƙila ya san ba a nemansa.

Da ta buɗu, Yaya ya sake bayaninsa daga farko. Baba ya saurara idonsa a lumshe. Hausar Baba ba ta raba mace da namiji, kowa da komai "shi" ne, har Inna. Ya buɗe ido ya ce, "To, tsaya in gane. Da can giya ne?"

"E, Baba."

"Yanzu an cire masa abin maye?"

"Kaf, Baba. Ko tulu guda mutum ya sha, sai dai cikinsa ya cika."

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wato giya ne da ya tuba."

Na yi dariya har na ƙware. Yaya ma ya murmusa. Daga bakin ƙofa sai muka ji muryar Inna, a natse: "Allah ya sa ba tuban muzuru ba ne, Malam." Dariyar ta tsaya a nan.

Baba ya gyara zama ya yi abin da malamai suka iya. Ya ce giyar da ta juye ta zama ruwan tsami da kanta, wannan an san hukuncinta, ta tsarkaka. Wannan kuwa ba juyewa ta yi ba, tuɓe ta aka yi, kuma a littattafan da ya karanta a Shehuri babu babin inji. Ya ji masana na yanzu sun yi saɓani. Shi dai bai umarci kowa ba, bai kuma hana kowa ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Yana faɗa yana jawo farantin danderu kusa da shi, don a kan wannan babu saɓani.

Yaya ya zuba kaɗan-kaɗan a tambulan, ko rabi bai kai ba. Na ce rowa ce ko ƙa'ida, ya ce ƙa'ida ce. Launinta ja ne mai duhu, ya fi zoɓo kauri a ido. Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu ya kai gaban Inna ya ajiye. Ta dube shi ta ce, "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri." Ba ta taɓa ba.

Ya dawo ya koya mana sha. Ba a kwankwaɗa. Sai an juya tambulan ruwan ya zagaya, a sa hanci a shaƙa, a kurɓi kaɗan a bar shi ya yi yawo a baki, sannan a haɗiye. Ya ce za mu ji ƙamshin wasu 'ya'yan itace da ya lissafa, waɗanda ban taɓa gani ba balle in san ƙamshinsu. Na shaƙa iya shaƙata, ni dai abin da na ji shi ne zoɓon da ya kwana ba a sa masa komai ba.

Na kurɓa. Babu zaƙi ko na rantsuwa. Tsami ya fara zuwa, ɗaci ya biyo shi, sannan wani abu ya kama mini harshe da dasashi ya ɗaure. Na ce, "Yaya, a kan wannan mutane suke shiga wuta? Wallahi an cuce su."

Baba, wanda bai umarta ba bai hana ba, ya ce tun da ana neman shaida bari ya sa harshe kawai. Ya sa harshen, ya ɗan tauna iska, ya ce, "Bauri ne. Irin na goron da bai gama kwana ba." Yaya ya yi farin ciki kamar an ba shi kyauta. Ya ce shekara da shekaru yana neman kalmar da Hausa, ashe bauri ce. Wannan baurin, in ji shi, shi ne dukan sirrin, shi ya sa ake haɗa ta da nama.

Ni kuwa da taurin kaina na ce sai na gwada da komai. Na kai lomar burabusko da miyar banda, na bi ta da kurɓi. Kada Allah ya maimaita mini. Ƙarnin kifin ya tashi ya cika mini baki, har da wani ɗanɗano kamar na tsotsi tsohon cokali. Yaya ya ce ai ya faɗa, ja ba ta shiri da kifi. Na ce a garin da banda ke sarauta, wannan baƙuwa ba ta da ladabi. Na gwada da kilishi, yajin da baurin suka kama kokawa a kan harshena, babu wanda ya kayar da wani, ni ce na sha wuya.

Sannan na ɗauki danderu, wajen da kitsen ya narke ya shiga tsoka. Na tauna, na kurɓa. A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba na so. Maiƙon da ke lulluɓe baki ya wanke tas, tsamin ya kwanta, ƙamshin kanumfari da masoro da na sa a naman ya fito fili fiye da yadda na taɓa jinsa. Bakina ya koma sabo, yana neman wata tsokar. Na sake, na kuma sakewa. Yaya yana kallona yana jira, na ce, "Naman ne ya yi daɗi." Ya ce ya sani.

Duk wannan abin da ake yi, rabin hankalinsa yana bakin ƙofa. Tambulan ɗin Inna yana nan inda ya ajiye shi, har ƙuda ya fara zagaya shi.

Baba ya lura. Ya goge hannunsa, ya ce shi maganar tuba ce ta tsaya masa a rai. Tuba yana da sharuɗɗa, in ji shi, kuma na farkonsu nadama. Ya ce bai san yadda za a tambayi kwalba ko ta yi nadama ba. Yana maganar yana kallon reshen darbejiya, amma duk mun san ba da kwalba yake ba.

Yaya ya ajiye tambulan ɗinsa. Ya tashi daga inda muke ya je ya durƙusa nesa kaɗan da Inna. Duk bayanin inji da ƙa'ida ya bar shi a tabarma. Ya ce, "Inna, ranar da aka kira ni aka ce Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ina tsakiyar gona da almakashi a hannuna. Tun yana kwance na san ya kamata in taho. Ba ni da takarda a lokacin, in na fito ba zan iya komawa ba, duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Na auna, na zaɓi zama. Ba wanda ya ɗaure ni. Na tafi ban yi muku sallama ba, ya tafi ban yi masa ba. Maganar giya ƙarya ce, amma wannan gaskiya ne, kuma kullum da shi nake kwana."

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na wannan lokacin ba. Na kuma ji tsoro, don na san Inna, in ta ce masa "ba komai, Allah ya yafe mana" da muryar nan tata ta baƙi, to shi ke nan, an rufe ƙofar.

Ta miƙa hannu ta kori ƙudan, ta ɗauki tambulan ɗin. Inna ta yi shekaru tana haɗa humra da turaren wuta tana sayarwa, hancinta ba ya kuskure, kuma ban da Yaya ita kaɗai ce a cikinmu da ba ta ga abin dariya ba a shaƙar abin sha. Ta juya shi a hankali yadda ta ga ya yi, ta kai hanci, ta daɗe a haka idonta a rufe. Ba ta kai shi baki ba. Har yau ban san hukuncin da ta yanke wa giyar da ta tuba ba, ban kuma tambaye ta ba.

Ta ajiye tambulan ɗin. Ta ja mayafinta ta gyara, ta kawar da fuskarta daga inda Yaya yake, ta dube ni.

Ta ce, "Ki ce wa wancan, mutanen nan nasa ba su iya haɗa abin sha ba. Ba citta, ba kanumfari. In zai koma zan ƙulla masa ya kai musu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki kuma ce masa wannan karon ya yi sallama."

Na juya wajen Yaya don in isar da saƙo. Na ce, "Yaya, an ce ka yi sallama."

Kansa na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan babbar rigarsa. Da ƙyar ya ce, "Ki ce to."